Ranar da Aka Karanta Kayena a Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na yi niyyar mantawar, da wata la'asar a Baudeta da aka zaunar da ni bisa tabarma a tsakar gidan surukaina, aka buɗe kayena, wato littafin rubutuna, aka karanta shi a gaban dangin mijina. Shekara biyu ke nan, amma har yau in abin ya faɗo mini a rai, ko a gaban allo nake ina koyarwa, sai na ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Abin da ya fi ci mini rai kuwa, babu wanda ya tilasta a karanta wurin da ya kashe ni. Ni da bakina na ce a karanta, har da ɗaga murya.

Bari in faro muku daga tushe. Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Tasawa. Ina kuma da wani bulog, wato shafi a intanet, inda nake rubuta labarin abincinmu na da: daudawar batso, tukuɗi, dambun zogale, miyar sure, irin abincin da ƴan matan yanzu suke ci suna lashe hannu amma ba su san ta inda ake faro shi ba. (Ni ma fiye da rabi a bakin tsofaffi na ji, kada ku ɗauka wata gwana ce.) Farkon da na buɗe shi babu tsari ko kaɗan. Ranar da abin ya motsa mini sai in zuba rubutu uku a yini ɗaya, daga nan in ɓace wata biyu kamar an aiki bawa garinsu. Masu karanta ni a lokacin, in an tara su, ba za su cika motar Mayahi ba, kuma mafi yawansu abokan aikina ne da nake tsarewa lokacin hutun ƙarfe goma in tambaye su ko sun gani.

Sai aka shirya wata ƴar formasiyo, wato bita, ta kwana biyu a Maradi don masu rubutu a intanet, na je. Matar da ta koyar da mu, wata doguwa mai tabarau, ta ce mana mai bulog ba ya jiran sai abin rubutu ya faɗo masa daga sama. Ta ce kowa ya yi jadawali na wata guda: me zai fita, yaushe zai fita, wa za a tambaya, wane hoto ake bukata. Na dawo Tasawa da zafina. Na sayi kaye mai kauri da bik, wato biro, guda uku, shuɗi da ja da kore. Kowane shafi na ja masa layi na raba shi gida biyar kamar gidan dara. Gidan farko, ranar da rubutu zai fita. Na biyu, abincin da za a yi magana a kai. Na uku, sunan wadda zan tambaya da shekarunta. Na huɗu, hoton da nake so. Na biyar kuwa shi ne na raɗa wa suna "tsakanina da kaina", inda nake zuba duk abin da nake so in tuna wa kaina, yadda ya zo mini a baki, ba gyara ba kwaskwarima. Abin da yake na gaggawa sai in zagaye shi da ja, wanda na gama in sa masa kore, wanda na fasa in soke shi.

Kuma abin ya yi aiki, kada in yi wa kayen butulci. Kowace Talata da Juma'a rubutu yana fita. Mutane suka fara turo mini saƙo daga Zinder, daga Agadas, har daga Katsina. Kaina ya kumbura. Na fara ɗaukar kayen nan kamar takardar gona: ina kwana da shi ƙarƙashin matashi, in zan shiga wanka sai na sa shi cikin jaka na zuge.

A nan ne zargi ya shigo. Mijina yana da ƙanwa, Hadiza, ɗaliba ce a Maradi, ita ma tana da nata shafin inda take sa hotunan lalle da kitso. Wani ƙarshen mako ta sauka wajenmu a Tasawa. Ni kuwa a jadawalina na rubuta gumba za ta fita ranar Juma'a. Ranar Laraba ina duba waya sai ga Hadiza ta sa hoton gumba a ƙwarya, har da ɗan bayani. Na ce shi ke nan, yarinyar nan ta leƙa mini kaye. (Yanzu da hankalina ya dawo na san gumba ba gadon gidanmu ba ce, duk ƙasar nan babu gidan da ba a daka ta. Amma a lokacin ko alƙali ba zai fitar da Hadiza a wurina ba.) Na dai ƙulla a raina, na shiga sa mata ido.

Bayan kaka aka sa bikin ƙanin mijina, Sanusi, a Baudeta, kuma ya faɗo cikin hutu. Na ce kakata ta yanke saƙa. Mako guda a ƙauye, tsofaffi sun taru wuri ɗaya, tukwane bisa wuta tun safe har yamma: rubutun wata biyu ke nan a tafin hannuna. Tun saura mako uku na zauna a Tasawa na cika shafi shida. Duk tsohuwar da na sani a dangin mijina da maƙwabtansu sai da na ba ta rana da abinci. Inna, mahaifiyar mijina, na ba ta tuwon hatsi da miyar guro. Gwaggo Hajo, yayar Baba, wato yayar surukina, na ba ta daudawar batso, don ita ce gwanarta a duk karkarar. Ita Gwaggo Hajo tsohuwa ce ƴar firit, ba ta da haƙori ko ɗaya a sama, amma bakinta ya fi aska.

Muna sauka, ko ruwan baƙunta ban gama sha ba na fito da kaye. Sauran mata suna daka, suna tankaɗe, suna wanke ƙore, ni ina bin su ɗaya bayan ɗaya da bik a hannu. "Iya, mene ne cikakken sunanki? Shekarunki nawa, ko a ƙiyasce? Ɗan tsaya nan gaban rumbu in ɗauke ki hoto." Na ɗauki rumbuna, na ɗauki tukwane, na ɗauki awaki don su ƙawata bayan hoto. In na gama da mace sai in sa mata kore a gabanta, in wuce.

Kwana biyu da fara wannan aiki na lura iska ta sauya. In na doso wurin daka sai hira ta mutu, a bar ni da ƙarar taɓare. Wata ta ga na ɗaga waya sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Wata kuma ta kore awakinta bayan ɗaki. Gwaggo Hajo, da na tambaye ta shekarunta, sai ta kafe ni da ido ta ce, "Wa ya aiko ki tambaya?" Na yi dariya na ce babu kowa. Ta ce, "To, mi ya sa kika zagaye nawa da ja, na maƙwabciyarmu Ladi kika sa mashi tsanwa?" Ashe duk da ba ta karatu, idonta yana kan bakin bik ɗina. Na ce, "Gwaggo, ai naki na musamman ne." Ta ce, "Uhm." Wannan "uhm" ɗin da na san fassararsa da tun ranar na hau kabu-kabu na koma Tasawa.

Rana ta uku wata maƙwabciya ta ja ni bayan danga, ta kwance bakin zanenta ta fito da katinta na ɗan ƙasa, ta miƙo mini tana waige-waige. Ta ce, "Madam, don Allah ni ma ki rubuta ni. Ina da marayu uku." Mai hankali a nan zai tsaya ya tambaya, rubutawa a ina, don me? Ni kuwa, gwanar tsari, sai na buɗe kaye na duba na ce mata, "Ayya, ki yi haƙuri, na wannan karon ya cika. Sai dai in na sake zuwa." Matar nan ta ɗaure katinta ta tafi.

Kun san wa na ɗora wa laifin duk wannan sauyin fuska? Hadiza. Na ce ita ce take bi tana zuga su don su hana ni labari ta kwashe. Duk inda na gan ta tana yi wa ƴan mata lalle suna dariya, sai in ce da ni ake. In ta ɗaga waya sama tana neman rezo, in ce hoton tukunyar da na riga na tsara take ɗauka.

Ranar wuni, kashegarin ɗaurin aure, na fito daga wanka da hantsi na ɗaga matashi: babu kaye. Na zazzage jaka, na kakkaɓe tabarma, na leƙa har cikin randa. Babu. Ban tsaya dogon tunani ba na nufi ɗakin da Hadiza take kwaɓa lalle, na tura ƙyaure.

"Ba ni kayena."

Ta ɗago da hannu duk lalle ta ce, "Wane kaye, Yaya?"

"Kin fi ni sani. Gumba ba ta ishe ki ba, yanzu gaba ɗaya kike so?"

Ta ce, "Wace gumba?" Ta yi rantsuwa, idonta ya ciko da ƙwalla. Na ce mata mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na ce mata in mutum ba shi da basira ya roƙa a koya masa, ya fi sata. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan maimaita a nan ba. Ba ta rama ba, ta dai ce, "Allah ya bayyana gaskiya." Na ce amin da ƙarfi. (Ku lura, ni na ce amin.)

Bayan sallar la'asar mijina ya leƙo ɗaki, fuskarsa kamar wanda aka yi wa mutuwa, ya ce Baba yana kira. Na fito na tarar an shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin bedi, itacen dogon yaron da ke tsakar gida. Baba yana bisa kujerarsa da carbi. Inna tana gefe ta sunkuyar da kai. Matan unguwa sun yi sahu jikin danga, har da ƴan biki da suka zo daga Kona, waɗanda babu ruwansu amma Allah ya tsaga da rabonsu a kallon. Gwaggo Hajo tana tsakiya ta miƙe ƙafafu, kayena yana ƙarƙashin cinyarta ta danne shi kamar kada ya tashi sama.

Na durƙusa na gaishe su. Baba mutum ne mai sanyin magana. Ya ce, "Ɗiyata, zamna. Magana ce ta taso, kuma mun fi so mu ji daga bakinki. Bara waccan wasu mutane sunka zo garin nan da mota, sunka rubuta sunan mata, sunka ɗauki hotonsu gaban rumbu, sunka ce taimako na tahe. Har yau ba mu sake ganinsu ba. Daga baya munka ji ana cewa an amshi kaya da sunanmu. To, yanzu mata sun ce ke ma suna kike rubutawa."

Kafin in buɗe baki Gwaggo Hajo ta karɓe. "Suna da shekaru, da hoton rumbu, da awaki! Wasu ta sa masu ja, wasu tsanwa, wasu ta soke su. Ga ta nan," ta nuna maƙwabciyar nan mai kati, "ta roƙe ta, ta ce ya cika. Mi ya cika? In porje ne, irin na masu rabon taimakon nan, ya aiko ki, ki hwaɗi. In kuma da sunanmu kike ci a birni, ki hwaɗi. Ni na ɗauko littahin, da hannuna, tana wanka."

Wato dai ba Hadiza ba ce. Kuna tsammanin kunya ta kama ni a nan? Ina! Zuciyata ta ce ai ita ta aiki tsohuwar. Na waiga na same ta tsaye jikin turmi, na watsa mata harara.

Na shiga bayani. Na ce bulog ne. Gwaggo ta ce, "Bulo? Na gini?" Na ce a'a, rubutu ne a cikin waya, kan abinci, mutane suna karantawa. Wata daga bayan danga ta ce, "Kuma kyauta kike wannan wahala?" Na ce kyauta. Aka yi wata ƴar dariya mara daɗi, irin wadda ake yi wa yaron da ya ce ba shi ya sha nono ba alhali ga shi a gemunsa. Na ga dai babu wanda ya gaskata ni.

Baba ya ce, "Abin mai sauƙi ne. Tunda rubutu ne, a karanta mu ji." Mijina ya miƙa hannu zai karɓa, Gwaggo ta janye. "Miji ba ya shaidar matarshi. Hadiza, taho, ke ma kin yi lakwal."

Hadiza ta zo ta durƙusa ta buɗe. Ta fara: rana kaza, dambu, Iya Ladi, shekara kusan sittin, hoto gaban madambaci. Ta wuce layi na gaba: rana kaza, tukuɗi, wance, shekara kaza, hoto da turmi. Ta yi layi huɗu haka. Ni kuwa ina bin ta da kunne, sai na lura gida huɗu kawai take karantawa, tana tsallake na biyar. Na ga ma ta ɗora babban yatsanta a kansa ta rufe.

Nan take shaiɗan ya raɗa mini: kin gani? So take a ji suna da shekaru da hoto kawai, yadda zai yi kama da takardar porje, a tabbatar ke macuciya ce. Gidan da zai wanke ki shi take ɓoyewa. Abin da na iya tunawa na rubuta a wannan gida a lokacin bai wuce irin su "a ɗauki hoto da safe, haske ya fi kyau" ba. Mako uku da rubutawa, ga fushi ya rufe mini ido.

Na ce, "Tsaya. Akwai gidan da take tsallakewa."

Hadiza ta ɗago ta dube ni, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Yaya, bar shi."

"Ba za a bar shi ba. Karanta duka."

"Yaya, don Allah."

Na juya wajen Baba na ɗaga murya yadda na bayan danga za su ji: "Baba, a sa ta ta karanta har ƙarshen layi. Ni ba ni da abin ɓoyo!"

Baba ya ce, "Karanta, Hadiza."

Ta koma layin farko. "Iya Ladi. A je mata da sassafe kafin ta tafi rijiya." Na gyaɗa kai ina duban jama'a, irin na kun ji ko? Layi na biyu: "A tafi da goro." Na ƙara gyara zama. Layi na uku na ranar ɗaurin aure ne, na rubuta mijina zai taimaka mini da ɗaukar hoto. Hadiza ta karanta: "Maigida ya riƙe waya kawai. Kada a bar shi ya sa baki, in ya fara bayani ba ya tsayawa."

Tsakar gida ta ɗauki dariya. Har Baba sai da ya sa carbi ya rufe baki. Mijina ya dube ni, na dubi tabarma. A daidai nan ne na fara tuno irin abin da ke gaba.

Na ce, "To, ai an ji, ya isa haka."

Gwaggo Hajo ta ce, "A'a. Ba ki da abin ɓoyo. Hadiza, nemo nawa, mai jan nan."

Hadiza ta juya shafi kamar wadda aka sa ta ɗauko garwashi. Ta karanta a hankali: "Gwaggo Hajo, daudawar batso. Gaggawa. A yi da ita bana, ba lalle ta ga wata kakar ba." Ta ci gaba: "Surutu ya yi mata yawa, a yanke kashi biyu cikin uku."

Wata ta ce, "Inna lillahi." Wata ta ce, "Ashsha." Gwaggo Hajo ta tafa hannu sau ɗaya, ta ce, "Ikon Allah. Ashe jan nan na likkahwani ne. Mun yi surukar da ta san ranar mutuwar mutane, ba mu sani ba." Ta juyo gare ni: "To, Madam, watan wane ne? In sallami masu bina bashi."

Da ƙasa tana da ƙofa da na shige na ja ta. Gumi ya jiƙe mini ɗankwali. Amma ba wannan ne ƙarshe ba, don na san layin da ke ƙasan nata. Na dubi Hadiza da idon roƙo, ni da ɗazu na kira ta ɓarauniya. Ta yi ƙoƙarin rufe kayen. Gwaggo ta ce, "Saura na matar ƙanena. Na ga ta tsaya kanta shekaranjiya tana rubutu."

Hadiza ta ce, "Gwaggo, rubutun bai fita sosai ba."

"Ya hita. Karanta."

Ta karanta da muryar da sai ka kasa kunne: "Inna, tuwon hatsi. Tuwonta yana gudaji, ba ya kyau a hoto. A ɗauki na Iya Ladi a sa sunan Inna."

Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Har kaji sai da suka yi shiru, ko kuwa kunnena ne ya toshe. Inna ba ta ɗago ba. Ta dai gyara mayafinta, ta dafa ƙasa ta tashi a hankali, ta shige ɗaki. Shekara bakwai ina cin tuwon matar nan, duk zuwa sai ta ɗaure mini ƙullin kuka da daudawa in tafi da shi Tasawa.

Hadiza ta dubi ƙasan shafin, ta tsaya kaɗan, sannan ta rufe kayen ta ce, "Ya ƙare." Baba ya yi gyaran murya ya ce wa matan, "To, kun ji. Babu porje, babu cuta. Ba ta ci da sunan kowa ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Abin da ke ciki na gida ne, ku bar mu da shi." Aka watse. Na fita daga zargin zamba fes, ko ɗigo bai taɓa ni ba, amma wallahi a wannan lokacin da an ba ni zaɓi da na ɗauki zambar.

Hadiza ce ta kawo mini kayen ɗaki. Ta ajiye ta ce, "Na ga nawa, Yaya." A ƙasan shafin na rubuta da ja: "A kula da Hadiza, tana leƙe." Shi ne ta gani ta ce ya ƙare. Na kama hannunta na ba ta haƙuri. Ta ce, "Gumbar nan ta wata ƙawata ce, ita ta kawo mini daga gida. Ban taɓa buɗe kayenki ba sai yau, kuma yau ɗin ma na so ban buɗe ba."

Kafin magariba na tattara sauran ƙarfin halina na je ɗakin Inna. Na durƙusa daga bakin ƙofa, na ce, "Inna, ki gafarta mini." Can ta ce, "Gaskiya kika rubuta, yana gudaji. Da ba ya yi." Ta ɗaga hannunta na dama, bai wuce daidai ƙirjinta ba ya tsaya, ta cije leɓe. "Shekara biyu ke nan kahwaɗar ga ta ƙi. Da hagu nike tuƙi. Ban hwaɗa ma yara ba, kada hankalinsu ya tashi."

Wannan ya fi duk dariyar tsakar gida dukana. Na tambayi matar nan shekarunta, na tambaye ta awon gari da na ruwa, na tsayar da ita a rana don hoto, amma ban taɓa cewa Inna, ya jikinki ba. Na yi kuka sosai, har ita ta koma tana rarrashina. Kashegari na ajiye kaye na karɓi muciya, ni na tuƙa tuwon gidan har muka tafi. (Nawa ma ya yi gudaji, kuma ni kafaɗata lafiya lau. Gwaggo Hajo ta tabbatar kowa ya sani.) Bayan biki muka taho da Inna Tasawa ta ga likita, aka ɗora ta a kan magani da motsa hannu. Bai warke duka ba, amma yanzu tana iya ɗaura ɗankwali da kanta.

Ita kuwa Gwaggo, sharaɗi ta gindaya kafin ta yafe: labarinta zai fara fita, kuma ba za a yanke ko kalma ɗaya ba. Na zauna gabanta tun hantsi har azahar tana magana, daga daudawa ta shiga aurenta na fari, daga nan ta faɗa rigimar wata akuya da aka yi tun ban zo duniya ba. Sai da na raba shi kashi huɗu. Abin haushi, babu rubutun da mutane suka so a bulog ɗin nan kamarsa. Ta ga kakar da na ce ba lalle ta gani ba, ta ga ta bayanta, kuma duk ranar da na sauka Baudeta, tun daga zaure nake jin muryarta: "Ku ce ma Madam ga ni nan, ban tahi ba tukuna!"

Har yanzu ina tsara bulog ɗina a kaye, amma gida huɗu nake ja. Na gane abin da ba zan iya faɗa wa mutum ido da ido ba, bai kamata in ba takarda ajiyarsa ba, don takarda ba ta san suruka ba. Na kuma gane wani abu da ba a koya mana a Maradi ba: in ka ga mai karanta maka rubutu yana tsallake layi, kame bakinka ka bar shi. Wataƙila asirinka yake rufawa.